Ina son in rayu da alƙalamina, amma tsoro ya hana ni tura ko wasiƙa ɗaya

Assalamu alaikum Anti,

Shekarata 31. Shekara bakwai ke nan ina aiki a sashen lissafin kuɗi na wani kamfani, ni ce mai haɗa albashi da bin diddigin abin da ya shiga da abin da ya fita. Aikin yana rufa mini asiri, amma tun ina makaranta zuciyata na wajen rubutu. Burina in zama marubuciya mai zaman kanta, in riƙa yi wa mujallu da kamfanoni rubutu ana biyana.

Na yi kwas uku ta intanet, na sayi littattafai, na buɗe shafi na sauya masa fasali ya fi sau biyar. Amma har yau ban tura wa kowa komai ba. Akwai wasiƙar da na rubuta wa editan wata mujalla wata 11 da suka wuce, tana nan a ajiye. Duk lokacin da na kai yatsa zan tura sai gabana ya faɗi, in ce bari in ƙara gyarawa. Ga ta nan na haɗo miki. Ina tsoron a ce rubutuna shirme ne. Ina tsoron a tambaye ni nawa zan karɓa in rasa ta cewa. Ga yayana kullum yana faɗa mini na'ura mai rubutu da kanta ta gama da sana'ar rubutu, in rufa wa kaina asiri.

Tunanin da nake yi yanzu shi ne in ajiye aikin gaba ɗaya, in ya so dole ta sa in tashi tsaye. Ko kuwa in ƙara wani kwas ɗin tukuna?

Taki,
Mai Jan Ƙafa

Wa'alaikumus salam, ƙanwata.

Bari in fara da tambayoyinki biyu na ƙarshe, kada ki gaji da karatu ba ki kai ga amsa ba. Kada ki ajiye aikinki. Kuɗin kwas na huɗu kuma ki bar shi a jakarki. A ido kamar kishiyoyi suke, ɗaya shawarar mai zafin nama, ɗaya ta mai taka-tsantsan, amma da na sake karanta wasiƙarki sai na ga uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Kowacce tana ba ki wasu watanni da ba sai kin tura komai ba. In kin shiga kwas, kin sami wata uku na cewa sai na gama. In kin ajiye aiki, akwai wa'adin sanarwa, da miƙa takardu, da sallama, da hutun gajiya, da gyara teburin rubutu. Wasiƙar dai tana nan inda kika bar ta.

Tsoro biyu kika ɗaure a ƙulli ɗaya kina kiransu da suna ɗaya. Akwai tsoron kunya, a karanta a taɓe baki. Akwai tsoron rashi, wata ya mutu babu abin da ya shigo. Na farkon maƙaryaci ne, abin da bai kai ya kawo ba yake kumburawa. Na biyun mai gaskiya ne, kuma ina so ki riƙe shi da kyau, shi zai hana ki sakin reshe ki kama ganye. Ke kuwa wata 11 kina yi wa maƙaryacin biyayya, yanzu kuma kina son ki toshe kunne daga mai gaskiyar. Kin ce dole za ta sa ki tashi tsaye. Na ga waɗanda suka gwada. Dole takan tayar da mutum kam, sai dai ba ta barinsa ya zaɓa. Marubucin da kuɗin haya ke bi, duk abin da aka taya masa sai ya ce ya sallama, kuma shirun edita da a yau zai ɓata miki yini ɗaya, a lokacin sai ya hana ki barcin mako guda.

To mu ɗauki na kunyar, tunda shi ya riƙe miki yatsa. Faɗuwar gaban nan ba ke kaɗai aka jarrabta da ita ba. A 2003 wasu masu bincike a Amurka, Naomi Eisenberger da abokan aikinta, sun sa mutane wasan jifan ƙwallo a kwamfuta, na'ura tana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Ana cikin wasa sai sauran 'yan wasan, waɗanda a zahiri kwamfuta ce ke juya su, suka daina jefo wa mutum ƙwallon. Ƙwallon na ƙarya, abokan wasan na ƙarya, amma sai da wani sashen ƙwaƙwalwa da ke motsawa idan jiki ya ji ciwo ya motsa. Haka aka halicci ɗan Adam, ƙi yana masa zafi. Don haka ba zan ruɗe ki in ce babu zafi ba.

Sai dai gudun zafin shi ke ƙara wa tsoro ƙiba. Duk ranar da kika buɗe wasiƙar, gabanki ya faɗi, kika rufe, nan take za ki ji wani sanyi a ranki. Wannan sanyin shi ne ladan da kike biyan tsoro. Ya gane in ya matsa za ki ja da baya, gobe sai ya dawo da ƙarfinsa har da ƙari. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da sanin haka. Tun shekarun 1950 wani likita ɗan Afirka ta Kudu, Joseph Wolpe, yake warkar da masu matsanancin tsoro ta hanyar kusantar da su ga abin da suke gudu kaɗan-kaɗan, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma har yau a kan wannan tushe ake maganin irin wannan tsoro. Tunkarar abin ita ke rage shi, ba a zaunawa jiran ya tafi da kansa. Kwas kuwa ba ya cikin tunkara, domin babu mai ce miki a'a a cikin kwas. Kin biya kuɗinki, yabo za ki sha.

Sannan ki dubi mutumin da kike tsoro. A 2000 Thomas Gilovich na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa sun wallafa wani gwaji da nake yawan tunawa. Sukan sa ɗalibi ya sanya riga mai hoton wani mawaƙi da matasan lokacin ke jin kunyar a gan su da shi, ya shiga ɗaki mai mutane, in ya fito a tambaye shi mutum nawa yake jin sun lura. Masu rigar sun zaci kusan rabin ɗakin ne. Waɗanda suka lura kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai. Kowa da abin da ya dame shi. Na zauna a kujerar edita na wasu shekaru, zan iya gaya miki abin da ke faruwa a can. Saƙonni sun yi cunkoso, ga shafi bai cika ba, ga wani marubuci ya saɓa wa'adi. Edita zai karanta kan saƙonki da layi biyu na farko, ya tambayi kansa ko wannan ya dace da masu karatunsa, ko sun taɓa buga irinsa kwanan nan, ko akwai kuɗinsa a kasafin watan. In amsar a'a ce sai ya wuce na gaba. Ba ya kiran abokan aiki su zo su yi dariya, kafin la'asar ma ya manta sunanki. A lokacin da nake sabuwa wannan ya ba ni haushi, daga baya na gane rahama ce.

Amsar da za ki fi samu ma shiru ce. Ni wasiƙata ta farko da aka amsa, amsar layi ɗaya ce: bai dace da mu ba a yanzu. Na karanta "a yanzu" ɗin nan ya fi sau ashirin ina neman zagin da aka ɓoye a ciki. Babu. Editan nan shi ya sayi batu na huɗu da na aika masa, kuma da muka saba na tuna masa da na farkon, bai ma san an yi ba.

Wataƙila a cikin kwasa-kwasanki an ba ki labarin abin da Pauline Clance da Suzanne Imes suka rubuta a 1978, bayan sun yi aiki da mata fiye da 150 da suka yi fice a karatu da sana'a, amma kowacce a ranta tana jin sa'a ce kawai ta kai ta, wata rana asirinta zai tonu. Gaskiya ne, abin yana damun ƙwararru. Amma ina ganin ana yawan shan wannan labarin kamar maganin barci. Jin cewa ba ki iya ba bai tabbatar da kin iya ba. Mai yiwuwa ne rubutunki yana da sauran gyara, kusan kowa haka ya fara. Matsalar ita ce a cikin ɗakinki babu yadda za ki sani, ke ce mai rubutu, ke ce alƙali, kuma alƙalin nan ya riga ya karɓi cin hancin tsoro. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yanzu ga wasiƙar da kika haɗo. Na karanta ta sau biyu, kuma tunda gaskiya kika zo nema, ga ta: hannunki yana da kyau, jimlolinki a miƙe suke, amma da ni ce editan ba zan amsa ba. Kin buɗe da "ku gafarce ni da na ɗauki lokacinku". A layi na biyu kin ce ke ba ƙwararriya ba ce. A na uku kin ba da labarin yadda kike son rubutu tun kina firamare. A ƙarshe kika ce za ki iya rubutu a kan kowane fanni suke so. Kin kushe hajarki da bakinki, sannan ba ki buɗe ta an gani ba. Batu edita yake saye. In kin ce masa "kowane fanni", kin bar masa aikin tunani ke nan, alhali don tunanin zai biya ki.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ko sau ɗaya ba ki ambaci aikinki ba. Shekara bakwai kina kallon kuɗi na shiga na fita, kin ɗauke shi kurkukun da kike son kuɓuta daga ciki, ga shi kuwa shi ne jarinki. Masu iya jera kalmomi suna da yawa. Waɗanda suka iya jera kalmomi kuma suka san abin da ke sa kamfani ya ci riba a takarda amma ya kasa biyan albashi a ƙarshen wata, su ne ba su da yawa. Ke kin sani: an ba da kaya bashi, littafi ya nuna riba, kuɗin ba zai shigo ba sai bayan kwana 60, ma'aikata kuwa ba sa jiran kwana 60. Wannan batu ne. Mai ƙaramar sana'a zai karanta shi har ƙarshe, domin ya taɓa kwana da wannan ciwon kai. Da ni ce, haka zan rubuta:

"Malam wane, na ga a fitowarku ta watan jiya kun yi magana a kan ƙananan kamfanonin da ke rufewa tun a shekarunsu na farko. Ina so in rubuta muku sharhi mai kalma 900 a kan wani dalili da ba a cika faɗa ba: riba a littafi, babu kuɗi a hannu, saboda tazarar da ke tsakanin sayarwa da karɓar kuɗi. Zan tattauna da masu sana'a biyu da abin ya taɓa samu, in kuma nuna lissafi mai sauƙi da mai karatu zai iya yi da kansa. Shekara bakwai ke nan ina aikin lissafin kuɗi a kamfani. Zan kawo shi cikin mako biyu. Ga samfurin rubutuna."

Babu ban-haƙuri, babu tarihin yarinta. Layin farko ya nuna kin karanta mujallar, kuma ki karanta ta da gaske, fitowa uku aƙalla, domin edita yana gane wanda bai buɗe ta ba. Ki nemo sunan mai kula da sashen maimakon ki aika ga wanda abin ya shafa. Mujallu da yawa suna da shafin da suka bayyana yadda suke son a kawo musu tayi, ki bi shi sau da ƙafa. In kwana goma ko mako biyu ya wuce shiru, ki tuna musu sau ɗaya da layi biyu. In an sake shiru ki kai batun wani wuri, babu gaba babu fushi. Rashin tayi akan bar arha.

Samfurin da na ambata, guda uku sun isa. Ba sai wani ya taɓa buga su ba. Ki rubuta su a fannin da kike son a san ki da shi, ki ɗora a shafin nan naki ko a dandalin intanet irin su Medium ko LinkedIn, kuma don Allah ki daina taɓa launin shafin. Abu ɗaya da zan ja miki kunne a kai: ki duba takardar ɗaukarki aiki ki ga abin da ta ce game da aikin gefe. Iliminki naki ne, amma alƙaluman kamfaninku da sunayen abokan cinikinsu amana ce, haka ma lokacin ofis da kwamfutar ofis.

Mujallu suna sa a san mutum, amma mafi yawan marubutan da na sani suna rayuwa da alƙalami, kamfanoni ne ke riƙe da su: bayanin kaya, wasiƙar da ake aika wa abokan ciniki duk wata, rahoton shekara, rubutun shafin intanet, jawabin shugaba. Aikin farko kuma sau da yawa daga wanda ya riga ya san ki yake fitowa, tsohon abokin aiki, ko wadda kuka yi makaranta tare ta buɗe nata kamfanin. Ba za su kira ki ba tunda ba su san kina yi ba. Akwai kuma dillalan intanet irin su Upwork, wanda ya ɗauki wannan suna a 2015 bayan haɗewar Elance da oDesk, da Fiverr da aka kafa a 2010, mai cire la'adar kashi 20 cikin 100 na abin da aka biya ki. A can da duk duniya kike gasa, kuma kullum akwai wanda zai karya farashi. Ba na hana ki, wuri ne mai kyau na koyon magana da mai ba da aiki da cika wa'adi. Amma ki shiga da niyyar fita, kuma kafin ki zuba wahala ki tabbatar hanyar da suke biya, ko Payoneer ce ko PayPal ko banki, tana aiki a inda kike.

Maganar nawa za ki karɓa ta ba ni dariya, ke da lissafi ne sana'arki. Abin da ke ruɗa ki, kina jin kamar darajarki ake tambaya. Kuɗin aiki kawai ake tambaya. Ki haɗa abin da kike kashewa a wata. Ki ɗora haraji, domin ranar da kika zauna da kanki babu mai cire miki shi daga albashi. Ki ɗora ajiya, da kuɗin intanet, da ranakun rashin lafiya da babu mai biyanki. Sai ki raba da awannin da za a biya ki, waɗanda a abin da na gani ba sa wuce rabin awannin da za ki zauna. Sauran rabin neman aiki da amsa saƙo da bin bashi ke cinye su. Abin da ya fito shi ne ƙasan da ba za ki sauka ba. Ki ƙiyasta awannin da aikin zai ci, har da bincike da gyara, ki faɗi kuɗinsa dunƙule. In kin faɗa kuma ki yi shiru. Sababbin marubuta a wannan shirun suke faɗuwa, kafin mai aiki ya buɗe baki sun ce amma ana iya ragewa. In ya ce ya yi yawa, ki rage aikin tare da kuɗin, kalma 600 maimakon 900, gyara ɗaya maimakon biyu.

Da kamfani ko mutum, ki karɓi kafin alƙalami, rabi ko sulusi, musamman a aikin farko. Mujallu ba su cika bayarwa ba, suna da nasu tsarin, don haka ki tambaya: ana biya ne in an karɓi rubutu ko sai an buga? Tsakanin biyun ana iya yin watanni. Ki kuma tambaya ko suna biyan wani abu in sun sa ki aiki sannan suka fasa bugawa, domin da yawa suna da wannan tanadi amma ba sa ambata shi ga wanda bai tambaya ba. Komai ya kasance a rubuce, ko da saƙon imel ne: yawan kalmomi, wa'adi, kuɗi, ranar biya, da sau nawa za a dawo miki da gyara. Wannan na ƙarshen da jikina na koye shi. Na taɓa yi wa wani kamfani ɗan rubutu shafi biyu, aka dawo da shi sau bakwai, kowane manaja da nasa ra'ayin, na bakwai ɗin ya koma kusan yadda na farko yake. Da na raba kuɗin da awannin da na ɓata, kura da shan bugu ce kawai. Laifina ne, ban sa iyaka ba.

Ki san kuma abin da kike sayarwa. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Berne, wadda aka fara ƙullawa a 1886 kuma yawancin ƙasashen duniya ke cikinta, haƙƙin mallakar rubutu na marubuci ne ba tare da sai ya yi rajista ba. Abin da kika sa wa hannu shi zai nuna ko izinin bugawa sau ɗaya kika ba su ko kin sallama musu shi har abada. Kamfani yakan so duka, har da cire sunanki, kuma babu laifi in kuɗin ya nuna haka.

'Yan damfara suna son sabon marubuci, sun san yana ƙishin a ce masa to. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin rajista ko na horo kafin ya ba ki aiki, ki wuce. Wanda ya turo fiye da kuɗinki ya ce ki mayar masa da ragowar, nasa kuɗin na bogi ne, naki da kika mayar na gaske. Wanda ya nemi cikakken rubutu kyauta wai gwaji, ki nuna masa samfuranki ko ya biya kuɗin gwajin. Za kuma a yi miki tayin rubuta wa ɗalibai aikin makaranta su miƙa da sunansu. Ha'inci ne, ba za ki iya nuna shi a matsayin aikinki ba, kuma Ostireliya ta haramta sana'ar a 2020, Ingila a 2022.

Yayanki yana da rabin gaskiya, kada ki raina ta. Tun da ChatGPT, manhajar nan mai rubuta abin da aka umarce ta, ya fito a watan Nuwamba na 2022, irin rubutun nan na cika shafi, wanda ake tattaro abin da ke intanet a sake jera shi, ya faɗi warwas, kuma ba na jin zai tashi. Da wannan kika ce mini za ki yi, da na goyi bayan yaya. Amma na'ura ba ta zauna a ofishinku ranar 28 ga wata ana jiran kuɗi su shigo ba. Ba za ta kira mai sana'a a waya ta ji inda muryarsa ta karye ba. Takan kuma ƙirƙiro alƙaluma da sunaye ta faɗe su ba ko ɗar, kuma in aka buga kuskure dole a sami mutumin da zai amsa. Wannan mutumin ake biya yanzu. Ki koyi amfani da ita kamar yadda kika koyi manhajar lissafi, ki tambayi kowane mai ba ki aiki ƙa'idarsa a kanta, kada kuma ki miƙa abin da ba ki tantance da kanki ba.

Sunan da Turawan Ingila ke kiran mai zaman kansa, freelance, wato mashi mai 'yanci, asalinsa na sojan haya ne na zamanin da, wanda babu sarkin da ya mallaki mashinsa. Ana son wannan ɓangaren na labarin, ana manta cewa babu kuma sarkin da ke ciyar da shi ranar da babu yaƙi. Kuɗin wannan sana'a ba ya zuwa a jere, wata ya cika ya batse, wata biyu a bushe. Don haka ga lokacin da zan yarda ki rubuta takardar ajiye aiki: kina da ajiyar da za ta riƙe ki wata shida ko sisi bai shigo ba, rubutu ya biya buƙatunki na dole wata shida a jere, kuma daga hannun mutum uku aƙalla, babu wanda ya riƙe fiye da rabi. Mai ba da aiki ɗaya tilo ubangida ne, sai dai ba ya ba da hutu ko fansho. Yana iya ɗaukar shekara biyu. Kina iya kaiwa can ma ki ga kin fi son ki riƙe biyun, kuma ban ga aibin hakan ba.

Wani abu a gefe: in faɗuwar gaban nan ba a rubutu kaɗai ta tsaya ba, tana hana ki barci ko shiga mutane, wannan ya wuce shafina, ki ga likita.

In kuwa a nan ta tsaya, to ga aikinki. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya nuna a 1999 cewa wanda ya yanke yaushe da ina zai yi abu ya fi cika niyya a kan wanda ya ce zan yi kawai. Ki zaɓi rana biyu a mako, da awa, da kujerar da za ki zauna. Kowace rana tayi ɗaya zai fita, ko kin gamsu da shi ko ba ki gamsu ba, mako goma, tayi ashirin. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta kwanan wata, da wanda kika aika wa, da batun, da amsa. Ki ƙirga abin da kika tura, shi ke hannunki. Ki bi tsarin Wolpe, na farko da na biyu su tafi ƙananan wurare da ko sun ƙi ba za ki ji sosai ba, na uku ya tafi wajen editan nan da kika yi wata 11 kina kallon sunansa. Tsohuwar wasiƙar ki goge ta yau, kada ki sake gyara ta.

In kin kai ashirin ki rubuto mini. Ki haɗo da hoton shafin littafin, da kuma amsar da ta fi yi miki zafi a cikinsu, ina so in duba ko editan yana da gaskiya.

Antinki